Su Malam-buɗe-littafi na Kiyeshe

1. Zangarniyar da Auta ta kawo

Watan Oktoba ya kama. An koma makaranta a Kiyeshe. Ruwan sama ya ɗauke, amma ciyawa ba ta bushe ba tukuna. A gonaki ana yankan gero, ana ɗaurin dammuna.

Ran Litinin da safe wata ƴar aji biyar ta zo da zangarniya a hannu. Ita ce ƙarama a ajin, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Ta ajiye zangarniyar a teburin malam. Wani abu ya ci ta. Ya bar hanya wadda ta zagaye ta daga gindi zuwa kai, kamar an naɗa mata zare. Duk inda hanyar ta bi, babu tsaba ko ɗaya.

Malam ya ce: «Auta, daga ina wannan?»

Ta ce: «Daga gonar Kaka, Malam. Bana dammunanmu da yawa haka suke. Kaka ya ce malam-buɗe-littafi ne suka yi ɓarnar, don ya ga sun cika gona. Ya ce zai kai akuyarsa kasuwa, ya sayo maganin ƙwari ya ajiye. Baɗi in ya gan su, sai ya feshe su duka. Kuma akuyar nan ita ke ba mu nono.»

Malam ya juya zangarniyar, ya duba ta da kyau. Sa'an nan ya ce: «Yara, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya san mai laifi. Malam-buɗe-littafi ba iri ɗaya ba ne. A duniya akwai iri fiye da 17,000. A Afirka ta Yamma kaɗai an ƙidaya kusan 1,500. Cikin makon nan za mu koyi gane waɗanda ke garinmu. Daga nan mu ga ko akwai ɓarawon gero a cikinsu.»

2. Jikinsa da rayuwarsa

Washegari yara suka zo da tsohon sange, da waya, da sanda. Suka yi koma ta kamun ƙwari. Da hantsi suka kama ɗaya a bayan aji, suka sa shi a kwalba mai faɗin baki.

Ga abin da suka gani. Jikin malam-buɗe-littafi kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. A kansa akwai manyan idanu biyu, da ƙahoni biyu sirara. Kowane ƙaho yana da ɗan kulki a ƙarshe, kamar kan ashana. Fikafikansa huɗu ne, biyu a gaba, biyu a baya. Garin da ke manne wa yatsa in an taɓa fiffike ba ƙura ba ce. Ƙananan ɓawo ne da ke jere, wani bisa wani, kamar shibcin jinka. Su ne ke ba fiffike launi. In an goge su, ba sa sake fitowa.

Shugaban aji ya ƙidaya ƙafafu, ya ce: «Malam, huɗu na gani. Ai kun ce kowane ƙwaro ƙafa shida gare shi.» Malam ya ce ya sake dubawa kusa da kai. Sai ga wasu ƴan ƙafafu biyu a lanƙwashe jikin ƙirji. A wasu iri, ƙafafun gaba ƙanana ne, ba a tafiya da su.

Suka dubi bakinsa. Dogon bututu ne siriri, a naɗe kamar gammo. In ya sauka kan fure, sai ya warware shi, ya tsotsi ruwan zaƙi. Ba shi da haƙori. Ba ya tauna komi, sha kaɗai yake yi.

Auta ta yi tsalle, ta ce: «To, ashe ba zai iya cin gero ba!»

Malam ya ce: «Kada ki yi sauri. Shi ba ya ci, amma ɗiyarsa tana ci.» Ya je allo ya zana rayuwarsa, mataki huɗu.

Na farko, ƙwai. Macen takan ɗanɗana ganye da ƙafafunta. In ganyen da ya dace ne, sai ta sa ƙwai.

Na biyu, tsutsa. Ita ke da muƙamuƙin tauna. Aikinta ci, dare da rana. In fatarta ta matse ta, sai ta yi saɓa.

Na uku, ƙunshi. Tsutsar takan daina ci, ta rataye kanta, fatarta ta yi tauri. Daga waje kamar ba rai. A ciki jiki ne ke sakewa.

Na huɗu, malam-buɗe-littafi. Yakan tsaga ƙunshin ya fito, fikafikai a jiƙe, a tattare. In sun miƙe sun bushe, sai ya tashi.

Malam ya ce: «Kowace tsutsa da tsiron da take ci. Ta tumfafiya ba ta cin lemu, ko da yunwa za ta kashe ta. Saboda haka tambayarmu ita ce: tsutsar wa ke cin gero?»

3. Tambayoyi biyar

Mai son gane iri, sai ya yi wa kansa tambayoyi biyar:

Girmansa nawa, in an auna daga bakin fiffiken hagu zuwa bakin na dama?

Wane launi gare shi a sama, wane kuma a ƙasa? Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Wace alama gare shi: ɗigo, ko zane, ko ido, ko wutsiya?

Yaya yake tashi: a hankali, ko da sauri?

Wane tsiro yake kewayawa?

A Hausa dukansu suna ɗaya ake kiran su. A nan Arewa ana cewa malam-buɗe-littahi. Masana kuwa sun ba kowane iri suna biyu da Latinanci, domin mutanen kowace ƙasa su san abin da ake nufi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Karl Line, shi ya kafa wannan tsari ga dabbobi a littafinsa na 1758. Ƴan aji biyar su ma suka yi shawara, suka raɗa wa kowane iri suna da Hausa. Yawanci sunan tsironsa suka ba shi.

4. Iri takwas da yara suka samu

Na tumfafiya (Danaus chrysippus)

Faɗinsa santimita 7 zuwa 8. Fikafikan gaba ruwan goro ne. Bakinsu baƙi ne, da farin zane a gicciye. A ƙasashenmu na yamma, fikafikan baya farare ne, da baƙin gefe. A tsakiyar fiffiken baya akwai baƙaƙen ɗigo: uku ga mace, huɗu ga namiji. Kansa da ƙirjinsa baƙaƙe ne, da ƴan fararen ɗigo.

Tashinsa a hankali ne, kamar mai sarauta. Yana da dalili. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, da na fataka. Nonon tumfafiya yana da dafi, kuma dafin yakan zauna a jikinta har ta zama babba. Tsuntsun da ya ci ɗaya ya yi amai, ba ya sake kusantar mai wannan launi.

Yara suka ga tsutsar a ƙarƙashin ganye. Tana da zobba fari da baƙi da rawaya, da ƴan zaruruwa shida a baya. Suka ga wata dabara tata. Tun tana ƙarama takan ciza ganyen ta yi da'ira, nonon ya tsiyaye, sa'an nan ta ci tsakiya. Ƙunshinta tsanwa ne ko ja-ja, da ɗigo masu ƙyalli kamar zinariya. Lokacin zafi ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 ko 4. Daga ƙwai zuwa tashi, abin ba ya wuce wata guda.

Malam ya ja kunnen yara: nonon tumfafiya mugun abu ne ga ido. Wanda ya taɓa ganyen, ya wanke hannu da sabulu.

Mai kwaikwayo (Hypolimnas misippus)

A nan ne yara suka yi gardama. Wani yaro ya kama ɗaya, ya ce na tumfafiya ne. Launi ɗaya, girma kusan ɗaya. Auta ta ƙidaya ɗigon fiffiken baya, ta ce: «Guda ɗaya ne kawai, Malam. Kuma gefen fiffiken yana da ƴan haƙora kamar bakin zarto.»

Gaskiyarta. Wannan macen wani iri ce dabam. Ba ta da dafin na tumfafiya. Rigarsa ta ara, tsuntsaye suna ganin ta su kauce. Namijinta kuwa bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Baƙi ne wuluk, da manyan fararen tabo, kowanne da kewayen shunayya mai ƙyalli. Yakan zauna kan ƙasa ko kan reshe, ya kori duk wanda ya gitta. Tsutsarsu baƙa ce mai ƙayoyi. Tana cin harshen-saniya, ɗan hakin nan mai kaurin ganye da ke fitowa a garka da juji. Wani Baturen Ingila, Henri Bets, shi ya fara bayyana irin wannan kwaikwayo a 1862, bayan ya yi shekaru a dajin Amazon.

Na lemu (Papilio demodocus)

Shi ne babba a cikinsu. Faɗinsa yakan kai santimita 10. Baƙi ne, da tabon rawaya barkatai. A kowane fiffiken baya akwai idanu biyu, masu shuɗi da ja. Yana tashi da ƙarfi. Ko yana shan fure, fikafikansa ba sa daina kaɗawa.

A wata garka cikin fadama yara suka same shi. A Dallol Mawri ruwa ba shi da nisa, shi ya sa ake garka da rani. Mai garka ya nuna musu ƴan dashen lemunsa, ganye duk a cinye. Suka duba, ba su ga komi ba sai kashin tsuntsu. Malam ya taɓa kashin da tsinke, sai ya motsa! Tsutsa ce. Tana ƙarama baƙa ce da fari, kamar kashin tsuntsu. In ta girma sai ta koma tsanwa kamar ganye. In an tsokane ta, takan fitar da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, ruwan goro, mai wari.

Wannan mai laifi ne, amma a garka. Babban icen lemu ba ya jin ɓarnarsa sosai. Ƴan dashe ne ke wahala. Maganinsa ba ya cin kuɗi: a duba dashen kowace safiya, a tsince tsutsotsin da hannu.

Na anza (Belenois aurota)

Faɗinsa santimita 4 zuwa 5. Fari ne. Bakin fiffiken gaba baƙi ne da fararen ɗigo, kuma akwai wani ɗan baƙin zane mai lanƙwasa kamar ƙugiya. In ya rufe fikafikai, sai a ga jijiyoyin ƙasa an bi su da ruwan ƙasa, tsakaninsu fari ko rawaya. Tsutsotsinsa a taro suke ci, a ganyen anza da na jiga. Wani lokaci sukan tsige icen tas, amma yakan sake toho. Wasu shekaru irin nan yakan yi yawa ƙwarai, a gan su suna wucewa dubu-dubu, duk sun nufi gefe guda. Su ne Kaka ya gani sun cika gona, domin akwai anza a kan iyakar gonarsa.

Na tafasa (Catopsilia florella)

Ya fi na anza girma: santimita 5 zuwa 6 ko ɗan fiye. Namiji fari ne mai ɗan tsanwa-tsanwa, ba shi da baƙin zane sai ɗan ɗigo guda a fiffiken gaba. Mace wata fara ce, wata rawaya. Tashinsa da sauri ne, yana hawa yana sauka. Tsutsarsa tsanwa ce, da layi a kowane gefe. Tana cin tafasa, da rai-ɗore, da filasko. A bakin rijiya yara suka ga fiye da goma sun taru kan laka. Yawancinsu maza ne. Gishirin da ke cikin laimar ƙasa suke tsotsa.

Na ƙuduji (Junonia orithya)

Faɗinsa santimita 4 zuwa 5. Fikafikan gaba baƙaƙe ne, da farin zane wajen baki. Na baya, ga namiji, shuɗi ne mai haske kamar sabon rini. Yana da ƴan idanu masu kewayen ruwan goro. Yana son zama kan busasshiyar ƙasa, fikafikai a buɗe, yana shan rana. In ya rufe su sai ya ɓace, don ƙasansu ruwan ƙasa ne.

Kowane manomi ya san ƙuduji, hakin nan mai jan fure da ke kama saiwar gero yana shan ruwanta. Tsutsar wannan iri tana cin ganyen ƙuduji da furensa da ƴaƴansa. Ita kaɗai ba ta iya gama da shi, amma duk furen da ta ci, iri ya ragu a gona. Wanda ya feshe ta, ɗan ƙodagonsa ya kashe.

Na wake (Lampides boeticus)

Ɗan ƙarami ne, santimita 3. Namiji shuɗi ne mai shunayya, mace ruwan ƙasa ce da ɗan shuɗi. Ƙasansu ruwan toka ne da fararen layuka. A ƙarshen kowane fiffiken baya akwai ƴar wutsiya kamar gashi, da baƙaƙen ɗigo biyu. In ya zauna yakan riƙa motsa su. Tsuntsu ko ƙadangare sai ya zaci can ne kai, ya kai cafka, ya tashi da guntun fiffike. Tsutsarsa takan shiga furen wake da kwanson wake ta ci. Tana ɓarna, amma akwai ƙwarin wake da suka fi ta ɓarna nesa.

Baƙo (Vanessa cardui)

Faɗinsa santimita 5 zuwa 6. Ruwan goro ne mai ja-ja, da baƙaƙen tabo. Bakin fiffiken gaba baƙi ne da fararen ɗigo. A ƙasan fiffiken baya akwai ƴan idanu huɗu ko biyar a jere. Wanda yara suka kama, launinsa ya koɗe, fikafikansa sun yage. Malam ya ce: «Ku gaishe shi, wataƙila daga nesa yake.»

In sanyi ya gabato a Turai, irin nan yakan taso, ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, ya sauka a ƙasashenmu ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ke ɗanya. A nan yake hayayyafa. Daga baya jikokinsa su koma arewa. Wasu masana biyu na birnin Barselona, Jerar Talabera da Roje Bila, su suka bayyana wannan tafiya a 2016. Akwai abin da ya fi haka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci waɗansu a bakin teku a Giyana ta Faransa, cikin Amurka ta Kudu. Binciken da aka buga a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka taso. Sun yi aƙalla kilomita 4,200 bisa ruwa, iska na tura su, cikin kwana 5 zuwa 8.

5. Ɓarawon gero

Ran Juma'a aka rubuta iri takwas a allo, kowanne da tsironsa. Tumfafiya, harshen-saniya, lemu, anza, tafasa, ƙuduji, wake, da hakukuwan daji. Babu gero a ciki.

Malam ya ce: «Ba mu gan shi ba, don da rana muka nema. Malam-buɗe-littafi yana da ɗan'uwa mai yawon dare. Shi ne faɗa-wuta, wanda ke kewaya fitila.»

Ga yadda ake rarrabe su. Ƙahon malam-buɗe-littafi yana da kulki. Na faɗa-wuta kamar zare ne ko kamar gashin tsuntsu. Malam-buɗe-littafi da rana yake tashi. Yawancin faɗa-wuta da dare. In malam-buɗe-littafi zai huta, yakan haɗa fikafikai a tsaye kamar an rufe littafi; faɗa-wuta yakan kwantar da nasa bisa baya kamar jinka. Jikin faɗa-wuta ya fi kauri da gashi.

Mai cin zangarniya tsutsar wani ɗan faɗa-wuta ce. Manoma suna ce mata murzuna. Sunan masana Heliocheilus albipunctella. Uwar ruwan ƙasa ce, faɗinta bai kai santimita 3 ba. Da dare take sa ƙwai a kan geron da ya fara fitar da kai. Tsutsar takan yanke ƙananan furanni daga gindinsu, tana ci tana zagayawa. Shi ya sa hanyarta ke kama da naɗin zare. In ta ƙoshi sai ta sauka, ta shiga ƙasa, ta zama ƙunshi. Can take kwana duk rani. Bayan ruwan farko da kamar wata guda, sai uwar ta fito. Ɓarnarta ta yi ƙarfi a ƙasashen Sahel tun bayan farin 1972 zuwa 1974. A mummunar shekara takan ci rabin amfanin gona, ko fiye.

Feshi ba ya kama ta da sauƙi, don a ɓoye take cikin zangarniya. Amma tana da abokin gaba: wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, wanda bai kai tsabar shinkafa ba. Sunansa Habrobracon hebetor. Yakan harbi tsutsar ta sandare, ya sa ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Tun daga 2006 masu binciken noma na INRAN, da ƴan'uwansu na Burkina Faso da Mali, suka shiga kiwonsa suna kai wa ƙauyuka cikin ƴan buhunan garara. Ana ajiye buhunan kusa da gonaki lokacin da gero ke fitar da kai. Maganin ƙwari yana kashe wannan ɗan zanzaro, yana kashe ƙudan zuma kuma.

6. A wani tsibiri mai nisa

Malam ya buɗe taswirar duniya. Ya sa yatsa a gabashin Asiya, kusa da gaɓar Sin. Ya ce: «Wannan tsibiri sunansa Taiwan.»

Faɗin Taiwan murabba'in kilomita 36,000 ne, na Nijar kuwa 1,267,000. Amma a wannan ɗan tsibiri akwai malam-buɗe-littafi kusan iri 400. Dalili shi ne ruwan sama mai yawa, da dazuzzuka, da duwatsu masu tsawo. A gindin dutse zafi, a bisa sanyi, kowane wuri da tsirransa. Inda tsiro ya yi iri-iri, malam-buɗe-littafi ma yakan yi iri-iri.

Abin mamaki, biyar daga cikin namu takwas suna can: na tumfafiya, da mai kwaikwayo, da na ƙuduji, da na wake, da baƙo. Sai dai na tumfafiyarsu fiffiken bayansa ruwan goro ne, ba fari ba. In ɗan makarantar Taiwan ya rubuta Danaus chrysippus, ɗan Kiyeshe ya san abin da yake nufi. Amfanin sunan Latinanci ke nan.

A shekarun 1960 da 1970, mutanen garin Puli sun yi cinikin malam-buɗe-littafi. Ana kama miliyoyi kowace shekara, ana yin kayan ado da fikafikansu, ana sayarwa ƙasashen waje. Ga kamu, ga saran daji, sai suka ragu ƙwarai. Cinikin ya mutu. Daga baya mutanen tsibirin suka koma kare su. A kwarin Maolin, can kudu, wasu masu launin shunayya, dangin na tumfafiya, sukan taru su wuce lokacin sanyi. A watan Maris da Afrilu sai su nufi arewa, hanyarsu ta ratsa wata babbar hanyar mota a Linnei. A 2007 hukuma ta fara kafa raga a gefen hanyar domin su tashi sama, tana kuma rufe wa motoci layi guda in sun yi yawa.

7. A gidan Kaka

Ran Asabar da la'asar malam da Auta da shugaban aji suka tafi gidan Kaka. Suka same shi bakin rumbu yana gyaran igiya.

Malam ya ce: «Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Ina gajiya?»

Kaka ya ce: «Lahiya lau, Mushe. Marhabin. Kai, amaryata, yau ke kika jawo mini baƙi?»

Auta ta buɗe kayenta. Ta nuna masa zane takwas, ta faɗi tsiron kowanne. Ta nuna masa farin da ya gani a gona, ta ce anza yake nema. Sa'an nan ta nuna masa zanen murzuna.

Kaka ya daɗe yana dubawa. Ya ce: «Tsutsar nan na san ta tun ba a haifi ubanki ba. Uwarta ce ban taɓa gani ba. Na ga hwarare da rana, na ce su ne.» Ya sa yatsa kan na anza, ya ce: «Ashe ni da wannan akushi ɗaya muka ci. A yunwar 1984 anza ce ta riƙe mu. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan, kafin ɗacin ya hita.»

Malam ya ce: «Baba, kun ga mu ma mun ƙaru. Abin da muke roƙo, kafin ku kai akuya kasuwa, ku ga malamin gona a Dogon Dutsi. Ku tambaye shi zancen buhunan nan. Aikin na gari duka ne, gona ɗaya ba ta isa.»

Kaka ya ce: «Zan yi magana da mai gari. Amma baɗi, in gero ya hitar da kai, ku zo da hitila da dare ku nuna mini ita da idona.»

Shugaban aji ya ce: «In Allah ya kai mu, Kaka.»

Auta ta tafi turke, ta zuba wa akuya harawa.

A riƙe

Malam-buɗe-littafi ƙwaro ne mai ƙafa shida da fiffike huɗu. Rayuwarsa mataki huɗu ce: ƙwai, tsutsa, ƙunshi, babba. Babban ba ya tauna, tsutsa ke ci. Kowane iri da tsironsa. Ana gane iri ta girma, da launi, da alama, da tashi, da tsiro. Murzuna ɗiyar faɗa-wuta ce. Kafin a sayi maganin ƙwari, a san ƙwaron.

Kalmomi da Hausa da Faransanci

malam-buɗe-littafi: le papillon de jour
faɗa-wuta: le papillon de nuit
ƙwai: l'œuf
tsutsa: la chenille
ƙunshi: la chrysalide
fiffike: l'aile
ƙaho: l'antenne
bututun baki: la trompe
iri: l'espèce

Tambayoyi

1. Don me Kaka ya so sayar da akuyarsa?
2. Me ya sa babban malam-buɗe-littafi ba ya iya cin gero?
3. Ta yaya Auta ta rarrabe mai kwaikwayo da na tumfafiya?
4. Wane iri ne ke taimakon manomin gero? Ta wace hanya?
5. A faɗi bambanci huɗu tsakanin malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta.
6. Ina murzuna ke zama da rani?
7. Me ya sa Taiwan ke da iri da yawa, ga ta ƙarama?

Lissafi

1. Baƙo ya yi kilomita 4,200 cikin kwana 7. Kilomita nawa ya yi kowace rana?
2. Sau nawa, a kimance, faɗin Taiwan ke shiga cikin faɗin Nijar?

Aikin yi

1. A nemo tsutsar tumfafiya guda, a sa ta a kwalba da ɗanyen ganye. A rufe bakin da ƙyallen sange, a ajiye a inuwa. A sake ganye kowace rana, a wanke hannu. A rubuta ranar da ta zama ƙunshi da ranar da ya fito. In fikafikansa sun bushe, a sake shi.
2. Kowa ya zana iri guda a kayensa, sama da ƙasa. Ya rubuta girmansa, da wurin da ya gan shi, da ranar.
3. A tambayi tsofaffi sunayen tsutsotsin da suka sani, da tsiron da kowacce ke ci. A kawo amsa aji.